Call of Duty 4: abin da ya kamata ku sani game da ƙarfinsa da rauninsa

A cikin wasannin bidiyo akwai wani rukuni da ake kira wasan harbi ta idon ɗan wasa. A irin wannan wasa ba ka ganin jikin sojan da kake sarrafawa. Hannayensa da bakin bindigarsa kawai kake gani, sai kuma duk abin da ke gabansa, kamar kai ne a filin dagar. Cikin wasannin da suka fi tasiri a wannan rukuni akwai Call of Duty 4: Modern Warfare, wanda kamfanin Infinity Ward na Amurka ya ƙirƙira, kamfanin Activision kuma ya fitar a watan Nuwamban 2007 a kan PlayStation 3 da Xbox 360 da kwamfuta. Ga abin da ya kamata mai wasa, da uban da ke saya wa ɗansa, su sani game da shi.

Me ya bambanta shi da na baya?

Wasannin Call of Duty uku da suka gabace shi duk a kan Yaƙin Duniya na Biyu aka gina su. Na huɗun nan ne ya dawo da labarin zamaninmu, da jirage masu saukar ungulu, da tabarau mai gani cikin dare, da barazanar makamin nukiliya. Labarin ƙagagge ne da aka ce ya faru a 2011. Wani ɗan kishin ƙasa mai tsattsauran ra'ayi a Rasha, Imran Zakhaev, ya haɗa baki da Khaled Al-Asad, wanda ya yi juyin mulki a wata ƙasar Gabas ta Tsakiya da ba a ambaci sunanta ba. Mai wasa yana shiga rigar mutum biyu a mafi yawan labarin: Saje Soap MacTavish na rundunar kundunbalar Birtaniya ta SAS, ƙarƙashin Kyaftin Price, da Saje Paul Jackson na sojojin Amurka. Kasuwa ta karɓi wasan hannu bibbiyu, domin zuwa 2009 an sayar da fiye da kwafi miliyan 13.

Inda ya yi fice

Abu na farko shi ne daɗin sarrafawa. Wasan yana nuna hoto 60 a kowace daƙiƙa, alhali wasanni da yawa na lokacin 30 suke nunawa. Wannan ne ya sa da ka motsa ɗan yatsa, bindiga ta motsa nan take, babu jan ƙafa. Saita bindiga da fad, wato abin sarrafa wasa na hannu, ya fi wuya a kan yin haka da linzamin kwamfuta, don haka aka sa wani ɗan taimako: idan ka ɗaga bindigar zuwa ido, saitin yakan ɗan karkata zuwa abokin gaba mafi kusa. Wannan dabara ta sa sabon shiga yana iya taɓuka abin kirki tun a ranar farko.

Na biyu shi ne yadda yake ba da labari ba tare da ya ƙwace maka ido ba. Tun kusa da farko, wasan yana sa ka a matsayin hamɓararren shugaban waccan ƙasa ta Gabas ta Tsakiya, Yasir Al-Fulani. An jefa ka bayan mota, ba abin da kake iya yi sai juya kai. Ta taga kana ganin sojoji suna fasa ƙofofi, suna jera mutane a jikin bango, wasu na gudu ana bin su da harbi. A ƙarshe a ɗaure ka a jikin turke, Al-Asad ya ɗora maka bindiga a gaban kyamarar talabijin. Daga baya kuma, bam ɗin nukiliya ya tashi a babban birnin ƙasar, jirgin da Jackson ke ciki ya faɗo. Za ka rarrafo daga cikin tarkacen, ka ja jiki 'yan taku kaɗan cikin jan hayaƙi, sannan sojan ya cika a hannunka. A wancan zamani ba a saba ganin wasa ya kashe jarumin da kake riƙe da shi ba tare da ba ka hanyar tsira ba.

Matakin da aka fi yabawa shi ne wanda ya koma shekara 15 baya, zuwa Pripyat, garin Yukren da aka kwashe mutanensa bayan hatsarin tashar nukiliyar Chernobyl na 1986. Kai da Kyaftin MacMillan kuna sanye da rigar ɓad-da-kama mai kama da ciyawa. Akwai inda za ku kwanta rub-da-ciki a fili, motocin yaƙi da sojoji suna wucewa dab da kanku, kana ganin takalmansu ta tsakanin ciyayi. A nan haƙuri ne ke fid da kai, wanda ya yi gaggawar jan kunama ya hallaka.

Na uku shi ne wasan gasa tsakanin mutane, wanda shi ne ya riƙe jama'a shekara da shekaru. Kowane wasa yana ba ka maki, makin ya ɗaga darajarka har zuwa mataki na 55, kana buɗe sabbin bindigogi da baiwa ta musamman a hanya. Idan ka kashe mutum 3 a jere ba a kashe ka ba, za a ba ka jirgin leƙen asiri da ke nuna inda abokan gaba suke. A 5 ka samu ruwan bama-bamai daga sama, a 7 kuma jirgi mai saukar ungulu ya zo ya taya ka. Wasannin harbi da yawa da suka biyo baya sun kwaikwayi wannan tsari. Haka kuma mutum huɗu suna iya raba allon talabijin guda su kara ba tare da intanet ba, abin da ke da amfani a gida ko a gidan gem inda data ke da tsada.

Inda ya gaza

Labarin gajere ne. Wanda ya iya wasa zai gama shi cikin kimanin awa shida, kuma hanya ɗaya ce tak. Ba ka buɗe ƙofa sai abokin tafiyarka ya buɗe, ba ka kauce wa layin da aka shata maka. Idan ka sake bugawa, kowane abu zai faru a daidai inda ya faru da farko.

Akwai kuma wata dabara da ke ɓata wa mutane rai. A wurare da dama abokan gaba ba sa ƙarewa: ka kashe goma, wasu goma su fito daga ƙofa guda, har sai ka tsallake wani wuri da ba ka gani. Wato wasan yana hukunta mai taka-tsantsan, yana saka wa mai rugawa da ka. A mataki mafi wahala kuwa, gurneti ke zubo maka ta ko'ina, har mutuwar ta daina zama laifinka.

A ɓangaren gasa, tsarin lada yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Wanda ya riga ya fi kowa shi ke samun jirgi, jirgin ya ƙara masa kisa, sabon shiga ya rasa inda zai sa kansa. Wasu daga cikin baiwar ma sun jawo ƙorafi sosai, musamman wadda ke sa gawarka ta saki gurneti, ta kashe wanda ya fi ka iya harbi.

Rauni mafi girma yana cikin yadda wasan ke kallon mutane. Sojojin Birtaniya da na Amurka suna da suna, da murya, da barkwanci, kuma mutuwarsu tana taɓa zuciya. Larabawan da kake harbi ba su da ko ɗaya daga ciki, ƙasarsu ma ba a ba ta suna ba. Bayan wancan yanayi na cikin mota, da wuya ka sake ganin farar hula a titunan da ake ruwan wuta a kansu. A wani mataki kana cikin jirgin yaƙi samfurin AC-130, kana kallon ƙasa ta allo mai baƙi da fari, mutane sun zama 'yan ɗigo masu gudu, ma'aikatan jirgin suna yaba harbinka cikin sanyin murya. Wasu suna ganin an yi haka ne don a nuna munin yaƙin zamani. Amma wasan ya fito ana tsakiyar yaƙin Iraƙi, kuma yaron da ke riƙe da fad nishaɗin kawai zai ɗauka.

Kafin ku saya

Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta ware shi ga 'yan shekara 17 zuwa sama, saboda jini da tashin hankali da zagi. An sake gyara shi da hoto mai kyau a 2016 domin PlayStation 4 da Xbox One, da sunan Modern Warfare Remastered. Kada a rikita shi da Modern Warfare na 2019, wanda labarinsa daban ne ko da yake Kyaftin Price yana ciki.

Ta fuskar ƙira, Call of Duty 4 ya cancanci sunan da ya yi, kuma babban da ke son irin wannan wasa ba zai yi asarar kuɗinsa ba. Sai dai a buga shi da sanin cewa labarin yaƙi ne daga bakin ɓangare ɗaya. Iyaye da masu gidajen gem kuma su dubi shekarun da aka rubuta a jikin kwalin, su hana ƙananan yara shi.