Idan makullin tsohuwar mota ya ƙi juyawa

Motoci ƙirar Peugeot 404 da 504 sun daɗe suna jigilar jama'a tsakanin Maraɗi da Tibiri, suna kwaso kayan lambu daga Jiratawa. Daga cikin cututtukan tsufansu akwai maƙalewar kwantak, wato gidan makulli. Ƙurar hunturu takan taru a ciki, haƙoran makulli su cinye, har ya ƙi juyawa.

Da farko direba ya jijjiga sitiyari a hankali yana murɗa makullin, kada ya zuba mai, domin mai yana riƙe ƙura. In abin ya faskara, sai bakanike. Shi zai cire wayar batir, ya kwance murfin sandar sitiyari, ya zare tsohon gidan, ko ya huda shi in ya kafe, sa'an nan ya sa sabo da makullinsa.

Waɗansu direbobi sukan haɗa wayoyi kawai mota ta tashi. Wannan ganganci ne: ƙarfen da ke kulle sitiyari yana nan, yana iya kamawa ana cikin tafiya. Kuɗin sabon kwantak bai kai ran fasinja ba.