Direban da Ba Ya Tuƙa Mota

Ranar wata Asabar ɗan ƙanwata ya shigo mini da laftof a hammata, ransa a ɓace. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, an cuce ni." Tokunbo ce ya saya da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya kai aka yi mata fomat aka ɗora mata sabuwar Windows. Da ya dawo gida sai ya tarar sifika ta yi gum, alamar Wi-Fi ta ɓace ɗungurungum, rubutun allo kuma ya yi ɓaro-ɓaro kamar na ɗan aji ɗaya. Shi dai ya riga ya yanke hukunci cewa mai gyara ya zare wasu kayan ciki. Na karɓa na duba. Ko noti ɗaya ba a kwance ba. Direbobi ne babu.

Sunan yana da rikitarwa, don da jin direba hankalinmu sai ya tafi tasha. Da ni aka ba raɗin suna, tafinta zan ce. Kowace na'ura da ke cikin kwamfuta, daga mai fitar da sauti zuwa mai kama Wi-Fi, kyamara, Bluetooth, har da firintar da aka jona daga waje, sau da yawa kamfani daban ne ya ƙera ta, kuma yarenta daban. Windows umarni kawai take bayarwa: fitar da wannan sauti, buga wannan takarda. Direba shi ne ƙaramar manhajar da ke mayar da umarnin zuwa yaren da na'urar take ji. Fomat kuwa shara ce, tana kwashe tafintocin tare da komai. Windows tana zuwa da wasu na gama-gari, shi ya sa madannai da linzami suke aiki nan take. Allon ma yana kawowa, amma da wani direban wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter, wanda sau da yawa ba ya bari a rage hasken allo ko a jona majigi.

Wurin da ake gane wanda ya ɓata shi ne Device Manager. A Windows 10 da 11, a danna maɓallin Windows tare da harafin X, zai fito a jerin. Duk na'urar da aka ga ɗan alwatika rawaya da alamar motsin rai a jikinta, tana da matsala. In an buɗe ta za a ga lamba: 28 na nufin ba a ɗora mata direba ba sam, 10 na nufin ta kasa tashi, 43 kuma Windows ce ta dakatar da ita saboda ta kawo ƙorafi. A laftof ɗin yaron nan, guda huɗu muka tarar, biyu daga ciki ma ba su da suna, "Unknown device" kawai aka rubuta.

Nan ne mutane da yawa suke sarewa. Ta yaya za ka nemo wa abu magani alhali ba ka san sunansa ba? To, kowace na'ura tana ɗauke da shaidarta a jiki, kamar tsagar gado. A buɗe Properties, a shiga Details, a zaɓi Hardware Ids. Za a ga wani dogon layi mai kama da shirme, amma wuri biyu kaɗai ake buƙata: abin da ya biyo bayan VEN, lambar kamfanin da ya ƙera, da abin da ya biyo bayan DEV, lambar ita na'urar. In ka ga 8086, ta Intel ce. 10EC ta Realtek, 10DE ta NVIDIA, 1002 ta AMD, 14E4 ta Broadcom. Kayan da ake sokawa ta USB kuma VID da PID suke nunawa. Wannan yana da muhimmanci musamman a kan tokunbo, domin laftof biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya kan zo da katin Wi-Fi na kamfanoni daban-daban, kuma wata an sha canza mata kayan ciki kafin ta tsallako teku. Takardar da ke manne a bayanta tana iya yin ƙarya, wannan lambar ba ta yi.

Sai batun inda za a samo. Ni da Windows Update nake farawa, har da sashen Optional updates, inda ake ajiye direbobin da ba a ɗorawa kai tsaye. In bai wadatar ba, sai shafin kamfanin da ya haɗa kwamfutar. Dell tana da Service Tag mai haruffa da lambobi bakwai a ƙarƙashin laftof, HP da Lenovo kuma lambar siriyal. Ka shigar da ita, shafin zai jero maka direbobin wannan injin takamaimai. In nan ma babu, sai a je wurin wanda ya ƙera na'urar kansa, Intel ko AMD ko NVIDIA. A lura ko Windows ɗin mai 32-bit ce ko mai 64-bit, don na wannan ba ya hawa kan wancan. Masu tsohuwar firinta a shagunan buga takardu su sani cewa direban Windows 7 yakan yi aiki a Windows 10 in aka dace da wannan batu na 32-bit ko 64-bit.

Yaron ya tambaye ni, "To Kawu, da me za mu sauke tunda Wi-Fi ɗin ne ma babu?" Tambaya ce mai kyau. Muka jona wayarsa da kebul, muka kunna USB tethering, kwamfutar ta hau intanet ba tare da neman wani direba ba. Na Wi-Fi muka fara saukewa. Na katin hoto, da yake yakan kai ɗaruruwan megabait, muka bar shi sai dare lokacin datar rangwame.

Akwai hanyar da ba na ba kowa shawarar bi, wato manhajojin nan masu alkawarin sabunta dukkan direbobi da danni ɗaya. Za su leƙa kwamfutarka su jero maka jan rubutu, wai direbobinka sun tsufa, ka biya ko ka danna nan. Wasunsu kan shigo da tarkacen talla, wasu su ɗora direban da bai dace da injin ba. Kuma tsufan da suke tsoratar da kai da shi, sau da yawa ba tsufa ba ne. Duba direbobin da Microsoft ta saka a cikin Windows, za ka ga da yawansu ɗauke da kwanan wata 21 ga Yuni, 2006, ko da kuwa kwamfutar bana aka ƙera ta. Da gangan aka yi haka: idan Windows tana zaɓe tsakanin direbobi biyu da suka dace daidai, tana fifita mai sabon kwanan wata, don haka Microsoft ta mayar da nata baya domin kada ya ture na kamfanin da ya ƙera na'urar. Intel ma ta yi irin wannan, takan sa wa wasu fayilolinta 18 ga Yuli, 1968, ranar da aka kafa kamfanin. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka kwamfutarsa ta girmi babansa.

Dalilin taka-tsantsan shi ne, yawancin direbobi ba a tsakar gida suke zaune ba kamar sauran manhajoji, a ƙuryar ɗakin Windows suke aiki. Idan Word ta rikice, rufe ta za ka yi ka sake buɗewa. Idan direba ya rikice, kwamfutar ce gaba ɗaya take iya faɗuwa. Duniya ta ga haka ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura sabuntawa mai kuskure zuwa manhajarsa da ke aiki a wannan ƙurya. Microsoft ta ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka durƙushe, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cik a ƙasashe da dama.

Saboda haka ni ra'ayina, direban da yake aikinsa lafiya a ƙyale shi. A sabunta idan wani abu ya daina aiki, ko kamfani ya sanar da toshe wata kafar tsaro, ko kuma mutum mai wasannin kwamfuta ne ko mai tace bidiyo, don su sabon direban katin hoto yakan amfane su. In an sabunta abin ya ƙara dagulewa, a koma Device Manager, a shafin Driver akwai Roll Back Driver, zai dawo da na da. Shi kuwa BIOS, wanda shafukan kamfanoni kan jera tare da direbobi, ba sa'ansu ba ne. Kada a taɓa shi sai batir a cike, caja a jone, domin in aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, kwamfutar tana iya ƙin tashi kwata-kwata.

Kafin la'asar ta washegari alwatikan nan huɗu duk sun ɓace, sifika ta buɗe baki. Ban bar shi ya tafi ba sai da muka soka filash, muka buɗe Command Prompt da ikon Administrator, muka rubuta pnputil /export-driver * E:\direbobi, bayan mun ƙirƙiri folda mai wannan suna a filash ɗin, wanda a kwamfutarsa harafin E ya ɗauka. Cikin 'yan mintoci ta kwafe duk direbobin da aka ɗora mata. Ranar da aka sake yi mata fomat, nuna wa Device Manager wannan foldar kawai zai yi, ba sai ya ƙona data ba. Ya karɓi filash ɗin ya jefa a aljihun gaba, ya ce gobe da safe zai biya ta shagon mai gyaran ya ba shi haƙuri.