Kwamfuta Ko Malami? Abin Da Kafancan Ta Gani A Aji Ɗaya

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin ƙasa daga Fatakwal ko Inugu zuwa gida ya san Kafancan. Tun shekarar 1927 da dogo ya iso, garin ya zama mahaɗa, hanya ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya kuwa ta hau Jos. Dogon nan shi ya tara Ibo da Yarbawa da Hausawa a tsakiyar ƙasar Fantswam da Kagoro da Bajju da Atyap da Ham. To, wannan tarin jama'a shi ne malamin aji ɗaya yake gani a gabansa kowace safiya. Yara ne 'yan shekara shida, kowa da harshen da ya tashi da shi a ɗakin uwarsa, ga kuma littafi da Turanci.

Yanzu kuwa wata sabuwar magana ta shigo. Magidancin da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Anaca yakan sami saƙo daga gida cewa makarantar yaro ta ƙara kuɗi saboda an kawo kwamfuta, ko kuwa a aiko da babbar waya domin yaro ya riƙa karatu da ita. Kuɗin nan da gumi aka same shi, saboda haka ya kamata a san abin da ake saye.

Masanan da suka yi bincike a kan yadda yaro ke koyo ba su zama baki ɗaya ba. Wani Ba'amurke mai suna Skinner ya ce koyo horo ne. A wajen 1954 ya ƙera wani akwati da ya kira injin koyarwa, wanda yake nuna wa yaro tambaya, in ya amsa daidai nan take ya sani, sai ya wuce ta gaba. Galibin wasannin karatu da ke cikin wayoyin yau jikokin wannan akwati ne, an dai ƙara musu kiɗa da launi. Suna da amfani wajen haddar baƙaƙe da jadawalin lissafi, amma iyakarsu ke nan.

Piaget, mutumin Suwizalan, ya bi wata hanya dabam. Ya lura cewa yaron da bai kai kamar shekara bakwai ba da hannunsa da idonsa yake tunani. In aka juye ruwa daga faffaɗan kofi zuwa cikin siriri mai tsawo a gaban idonsa, sai ya ce ruwan ya ƙaru. Ba wauta ba ce, lokacinsa ne bai yi ba. Watau malamar da ta ce kowane yaro ya zo da marafan kwalba goma ko tsinkayen tsintsiya, su ƙirga, su kasa, su kwashe uku su ga saura, ba wasa take yi ba. Kan ka'ida take, ko da ba ta taɓa jin sunan Piaget ba.

Na ukunsu Vygotsky ne na ƙasar Rasha, wanda ya rasu a 1934. Shi cewa ya yi akwai abin da yaro zai iya shi kaɗai, akwai kuma abin da zai iya in wani ya ɗan tallafa masa da magana, kuma a wannan tsakani ne koyo yake faruwa. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba. Allo na'ura ce irin ta zamaninta, ana rubutawa a wanke a sake, amma ba a wankewa sai malam ya ji karatun ya yarda, kuma kafin a je gabansa wani babban ɗalibi ya riga ya biya wa ƙaramin.

Duk waɗannan sunaye ɗaliban koyon malanta suna karanta su, har da na Kwalejin Ilmi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, wadda aka kafa a 1977, shekara guda bayan Janar Obasanjo ya ƙaddamar da ilmin firamare kyauta ga kowa. Matsalar ita ce abin da ke biyo baya. Malami ya ci jarrabawa a kan Piaget, sa'an nan ya tarar da aji cike maƙil, sai ya koma ga abin da aka yi masa yana yaro: ya faɗa, yara su maimaita da ƙarfi. Mai wucewa ta taga zai ce karatu na tafiya. A nuna wa yaro kalma guda a tsakiyar layi, sai ya yi shiru.

Wajen na'ura kuwa Kafancan ta riga garuruwa da yawa gani da ido. A 1996 aka kafa Gidauniyar Fantsuam, wadda ke Bayan Loko, kuma Dakta John Dada na cikin jagororinta. Ta fara da ba mata rance ne, daga baya ta shigo da tsofaffin kwamfutocin da aka gyara, ta buɗe wurin koyo, har wurin ya ci wata kyauta ta Afirka a 2001. Amma zafi da ƙurar hunturu da rashin tsayayyar wutar lantarki sun yi ta kashe na'urorin, abin da ya sa gidauniyar ta shiga aikin gwada wata kwamfuta mai cin wuta kaɗan, wadda hasken rana zai iya riƙewa. A 2004 kuma ta soma wani kwas na malaman karkara. Masu shirya kwas ɗin sun san yawancin malaman nan makarantun da za su koma ba su da ko ƙwan fitila, saboda haka suka mai da hankali ga malamin kansa, yadda zai nemo bayani, ya tuntuɓi 'yan'uwansa malamai, ya koma aji da abin da zai iya yi da alli da takarda. Wannan shawara ta yi hankali, kuma abin da ya faru a wasu wurare ya gaskata ta.

A 2007 an raba wa yaran wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci na shirin nan na kowane yaro da tasa. An yi hotuna, an yi murna, shirin bai yaɗu ba. Ƙasar Peru ita ta sayi fiye da dubu 800, amma binciken da aka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar sarai, karatu da lissafi kuwa ba su ƙaru ba. Akasin haka, a Nikaraguwa tun 1974 aka gwada koyar da lissafi ta rediyo. Mai magana yakan yi tambaya ya dakata, yara su amsa, malamin aji yana tsaye yana duba wanda ya ɓata. Yaran suka fi takwarorinsu. Rediyo ba ta fi kwamfuta wayo ba, an dai gina darasin ne tare da malami a ciki. A 2020 da annobar korona ta rufe makarantu, Jihar Kaduna ma ga rediyo da talabijin ta koma.

To, malamin fa? A 2017 gwamnatin Malam Nasiru el-Rufa'i ta yi wa malaman firamare wajen dubu 33 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta ƙi yarda da yadda aka yi, har ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Kowane ɓangare mutum ya bi, abu ɗaya ya fito fili: an daɗe ana ɗaukar aji ɗaya a matsayin ajin da kowa zai iya riƙewa, alhali kuwa shi ne mafi wuya a makaranta duka.

Sai maganar harshe, wadda a kudancin Kaduna ba ta da sauƙi. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koya wa yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Mazauna ƙasar Yarbawa za su so su san cewa a Ife aka gwada wannan tun 1970, ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, kuma ba su kasa ba ko a Turancin. A 2022 gwamnati ta ce a yi haka a firamare duka, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilmi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, a koma Turanci. Amma yaron Zonkwa da Jju yake mafarki, na Kwoi da Hyam, na Zangon Kataf da Tyap ko Hausa. Hausa ce takan haɗa su a kasuwa da filin wasa, ko da yake iyaye da yawa suna tsoron kada ta cinye harsunansu, kuma tsoron yana da dalili. Na'urar da aka shigo da ita kuwa kusan kullum Turanci take yi, da lafazin da ko malamin sai ya kasa kunne. Malami ne kaɗai zai iya cewa "biyu da uku" da harshen da yaron ke ji, sa'an nan ya kai shi ga na littafi.

Saboda haka magidancin da ya je gida hutun Kirsimeti ko na Salla yana da gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ya rubuta kalmomi biyar da yaron bai haddace a jere ba, ya ce ya karanta. Ya zuba masa ƙwayar gyaɗa goma sha biyu ya ce ya raba wa mutum uku. In ya shiga makarantar, ya tambayi hedimasta yara nawa ne a aji ɗaya, sau nawa kowane yaro yake taɓa kwamfutar a mako, da wace wuta ake kunna ta, kuma wa ya koya wa malamar yadda za ta yi darasi da ita. Wayar da ke aljihunsa ma tana da aiki. Daga Ikko zai iya kira da dare, yaro ya karanta masa shafi guda, shi kuma ya tambaye shi da harshen gida abin da labarin ya ce.