Riga a Matsayin Harshe a Wasan Kwaikwayo

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa tufar ɗan wasa tana isar da saƙo tun kafin ya buɗe baki, kuma ƙarfin saƙon yana fitowa ne daga saɓanin da ke tsakanin riga da mai sanye da ita.

Rigar Zaman Ɗaki a Turai

Turawa suna da wata doguwar riga sakakkiya da masu hali ke sawa a gida da safe. A 1670 Molière na Faransa ya sa wa Jourdain, jigon wasansa Le Bourgeois gentilhomme, irin wannan riga. Jourdain attajiri ne mai kwaɗayin a lissafa shi cikin masu sarauta. Sai ga shi ya fito yana nuna wa malamansa na kiɗa da rawa rigar, wai telansa ya ce haka manya ke shiga. Da ganinta 'yan kallo sun gane riga ta fi mai ita.

Babbar Riga a Ƙasar Hausa

Hausawa ma sun daɗe da sanin wannan dabara. A wasan gauta, matan gidan sarauta kan sa rigunan sarki da na hakimai, su naɗa rawuna, su kwaikwayi halin kowa, har sarki ya ga abin da bafade ba zai iya faɗa masa ba. A tashe kuwa, wanda ake somawa bayan azumi ya kwana goma a garuruwa irin su Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, yaro kan jawo babbar riga tana sharar ƙasa, ya liƙa gemun auduga, ya zama malam. 'Yan'uwansa suna zarginsa da taka rawa, shi kuwa yana musantawa. Hannun rigar da ya haɗiye nasa shi ke kawo dariya, amma gargaɗin na manya ne, wato tufa ba ta sa mutum ya zama malami.

Kammalawa

Ashe ke nan rigar aro izini ce ta faɗar gaskiya ba tare da an ɗauke ta rashin kunya ba. Tun da rashin tsaro ya takura wasannin dare a arewacin Zamfara, ya wajaba manazarta su tattara bayanin tufafin nan daga bakin dattawa, domin rubuta waƙoƙin tashe kaɗai rabin aiki ne.