Jiniya ta wuce, wa ke da alhakin jinin?

A tashar Kaugama, idan labari ya zo cewa mota mai jiniya ta kaɗe mutum, kafin a tambayi yadda aka yi an riga an yanke hukunci. Wani ya ce, "Ai motar hukuma ba ta laifi." Wani ya ce, "Shi ma me ya hana shi kaucewa?" Daga nan sai a yi wa mamaci addu'a a tashi. Wannan hukuncin gaggawa yana damuna, don haka bari mu ɗauki haɗari ɗaya da ƙasar nan ta sani, mu bi sawunsa mu ga inda zai kai mu.

Ranar 12 ga Nuwamba, 2013, wata bas ta taso daga Benin ɗauke da shugabannin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, za su Kano taron da zai duba makomar yajin aikin da suka fara tun watan Yuli. A cikinta akwai Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar, marubucin da ya ci kyautar Commonwealth a 1988. Sun wuce Lokoja kaɗan, a kusa da ƙauyen Banda, suka haɗu da ayarin gwamnan Kogi na lokacin, Idris Wada. Wata motar 'yan rakiya ta daki bas ɗin ta gefen da Iyayi yake. Bai kai Kano ba.

Wanda zuciya ke fara zargi shi ne direban bas. Ya ji jiniya, me ya sa bai ba da hanya ba? To amma dubi inda kowa ya nufa. Bas ta yi arewa, ayarin gwamna ya taho daga Abuja ya nufi Lokoja. Ba wanda ke bin bayan wani balle a ce an tare masa hanya. Mutumin da ke tafiya a hannunsa, wace hanya kuma zai bayar, in ba daji ake so ya faɗa ba?

Sai a juya ga titi. Gaskiya ne a lokacin ana ta fama da aikin mayar da hanyar Abuja zuwa Lokoja tagwaye, aikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Amma a kan titin nan motocin farko na ayarin suka wuce bas ɗin lafiya lau. Titin bai ƙara matsewa ba cikin daƙiƙa goma.

Nan ne bakin zaren. Motar da ta yi karon tana can ƙarshen ayari, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra sun ce aron hannu ta yi tana neman wuce wata mota. Duk direban da ya taɓa bin ayari ya san wahalar zama a wutsiya. Na gaba ya taka birki ya sake, ya wuce tirela a inda yake ganin gabansa sarai. Kafin na baya ya iso wurin, tazara ta buɗe, motar da ke tahowa ta matso, shi kuma an ce kada ya yarda a raba shi da ubangidansa. Dole ya fi kowa gudu, ya yi aron hannu a wurin da ya fi ko'ina haɗari. Ga shi a daidai lokacin sauran masu hanya sun ga jiniya ta wuce, sun saki jiki sun koma kan kwalta.

Bayan shekaru ana shari'a, kotu a Lokoja ta samu direban da laifi ta ɗaure shi shekara 7. Hukuncin ya yi daidai, domin jiniya roƙon hanya ce, ba ta wanke tuƙin ganganci. Sai dai sawun bai tsaya a kansa ba. Ƙasa da shekara ɗaya kafin mutuwar Iyayi, a Disamba 2012, motar shi kansa Gwamna Wada ta yi haɗari, dogarinsa ya rasu, shi ya karye a ƙafa. Ayarin da ya ga irin wannan, kuma bai rage gudu ba, ba direban ƙarshe ne ke tsara masa tafiya ba. Wa ke ciwo a ayarin ranar da aka daki bas ɗin? Ina gobara ta tashi? Babu. Gida kawai za a koma.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓarnar da wannan ke yi wa masu jiniyar gaskiya. Daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kama da wuta a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗejiya, mutum fiye da 150 suka rasu. Waɗanda suka ƙone aka riƙa kwasarsu zuwa asibitocin Ringim da Haɗejiya. A irin wannan dare minti ɗaya rai ne. Amma ɗan acaɓan da ya saba jin jiniyar manya da ta masu rakiyar kuɗi da ta 'yan biki, ya daina bambance ta da ta motar asibiti. Ga mai amalanke da shanunsa ba sa juyawa nan take, ga damina idan kogin Haɗejiya ya cika, gefen titi ya zama taɓo, ba inda za a raɓe. Direban motar asibiti da ya san ƙasar nan yakan sassauta a kasuwar Gujungu da kowace mararraba, ko da jiniyarsa na kuka, don mara lafiyar da ya kwaso ba zai amfana da haɗari na biyu ba.

Alhakin jinin Iyayi yana kan direban da ya bar hannunsa, yana kuma kan wanda ya sa shi gudun da ba rai ake ceto ba. Jama'ar Kaugama, in kun ji motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana, ku sauka gefe, kada ku hau titi sai kun waiwaya kun tabbata ba wata a baya. Ku kuma shugabanni, ku bar wa marasa lafiya jiniya.