Bayan Guguwa: Yadda Jama'a Ke Tayar da Mai Ƙaramin Jari

 Abin da nake so in yi bayani a kai shi ne halin da masu ƙananan sana'o'i da matuƙa ababan hawa ke shiga idan guguwa ko ruwa mai ƙarfi ya yi ɓarna, da kuma hanyoyin da jama'a ke bi su tayar da su. Zan fi kawo misali da unguwarmu Giginyu, cikin ƙaramar hukumar Nassarawa a Kano, domin nan na fi sani.

Da farko ya kamata mu san guguwa iri-iri ce. Wadda muke ji a rediyo ana ce mata mahaukaciyar guguwa, mai afka wa Amurka da tsibiran da ke kusa da ita, a teku take tashi. Malaminmu na Labarin Ƙasa ya koya mana cewa ba ta haɗuwa sai ruwan teku ya yi ɗumi kamar digiri 27, kuma ba a ba ta wannan suna sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a sa'a guda. Da ta hau tudu ta rabu da ruwan ɗumin nan, sai ƙarfinta ya soma raguwa. Shi ya sa ba ta zuwa Kano, tun da tsakaninmu da teku akwai ɗaruruwan kilomita. Amma ga abin mamaki. Da yawa daga cikin manyan guguwowin tekun Atlantika daga sararin ƙasashenmu suke samo asali. Iskar nan da ke koro hadarin gabas da damina ta wuce da shi ta kanmu, takan bi ta Nijar da Mali har ta faɗa teku ta gaɓar Sanagal, can ne wata takan sami ruwan ɗumi ta ƙasaita. Watau mu muna ganinta tana jaririya, su kuwa sai ta girma take isa gare su.

To, jaririyar ma ba kanwar lasa ba ce. A watan Yuni na 2018, kashegarin Ƙaramar Salla, iska ta kwashe rufin gidaje masu yawa a birnin Bauchi, ta kayar da itatuwa da turakun lantarki, har aka rasa rayuka. A nan Kano kuma, cikin watan Agusta na 2022, ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya jiƙa atamfofi da shaddodi na maƙudan kuɗi, aka kuwa ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyar ruwa. Waɗannan su ne suka kai ga kunnen 'yan jarida. Akwai kuma ƙananan da ke faruwa kowane farkon damina a unguwanni, waɗanda ba mai jin labarinsu sai maƙwabta.

Duk wanda ya san Giginyu ya san unguwa ce mai fuska biyu. Ta ɓangaren da ke jingine da Nassarawa GRA akwai manyan gidaje masu katanga da injin wuta. Amma a jikin katangun nan, da ƙarƙashin itatuwan darbejiya, da bakin kowane lungu, akwai mai shayi, da mai faci, da mai cajin waya, da tela a cikin 'yar rumfa, da mai tebur, da yarinya mai tuyar awara. Idan iska ta kaɗa, mai katanga ya rufe tagoginsa ya jira ta wuce. Mai rumfa shi ne zai wayi gari ya tarar da kwanonsa a lungun baya, ko kuwa reshe ya faɗo ya raba teburinsa biyu.

A nan ne nake so mai karatu ya lura da abu guda. Asarar mai ƙaramin jari ba ƙarama ba ce don kuɗinta kaɗan ne. Mai shayi da ya saro buhun sukari da katan na madara da ganyen shayi a kasuwar Singa, wannan kaya shi ne uwar kuɗinsa, ribar da ke fita cikinsa kullum kuwa ita ce cefanen gidansa. Ran da ruwa ya narkar da sukarin, ba ciniki kaɗai ya tsaya ba, tukunyar gida ma ta tsaya. Idan ya kwana uku bai kafa tebur ba, ɗan abin da ya rage a aljihu zai shiga ciki, masu shan shayinsa kuma su saba da wani teburin. Saboda haka mai sana'a yana tsere ne da kwanaki. Kwanon shinkafa da za a kai masa na jaje abin godiya ne, amma abin da ke tayar da shi shi ne a mayar masa da abin aikinsa a hannu da wuri.

Na ga yadda ake yin haka shekarar da zan bar firamare, lokacin da iska ta rushe rumfar wani mai shayi a bakin layinmu. Taimakon farko bai ci ko kwabo ba. Da aka idar da sallar asuba, mutanen masallaci ba su watse ba, samari suka bazama neman kwanon da iska ta kwashe, aka tattaro shi aka miƙar da wanda ya lanƙwashe. Kafintan unguwa ya zo da gudumarsa ya ce kuɗin kusa kaɗai za a saya. Wannan ita ce gayyar da kakanninmu ke yi a gona da wajen ɗora jinka, ta biyo mutane birni ta sauya kaya. Kafin azahar rumfa ta miƙe.

Taimako na biyu shi ne wanda na fi ganin hikimarsa, watau bashin kaya. Kawuna ya raka mutumin zuwa wurin Alhajin da yake sari a hannunsa. Ya ce da suka gaisa, mai shayin ya ce, "Alhaji, ruwa ya gama da ni, ga kuma ragowar kuɗinka a kaina." Alhajin ya ce, "Allah ya mayar da alheri, Malam. Bar maganar na baya sai ka miƙe. Ɗauki abin da za ka iya sayarwa a mako." Ba takarda, ba shaida sai kawuna da ke tsaye. Wani zai ce tausayi ne kawai. Akwai tausayi, amma akwai lissafi. Idan mai shayin ya durƙushe, tsohon bashi ya tafi, abokin ciniki ma ya tafi. Idan kuwa ya tashi, duka biyun sun dawo. Manyan kasuwannin Kano, irin su Kwari da Singa da Sabon Gari, da irin wannan amana ake juya kaya da yawa a cikinsu, kuma mutumin da ya saba biyan bashi a kan lokaci shi ne ke cin moriyarta ran wuya.

Na uku shi ne adashi, wanda iyayenmu mata suka fi kowa iya shi. Alal misali, mata goma suna zubin naira dubu biyu kowane mako, kowace da ranar kwasarta. Idan ruwa ya cinye wa ɗaya garin ɗanwake ko waken awara, sai uwar adashi ta zagaya ta roƙi wadda ke kan layi ta haƙura a ba mai asarar, ita ta koma gurbin waccan. Ba wadda ta yi asarar sisi, an dai sauya layi ne, amma mai tuya ta sami naira dubu ashirin a lokacin da take bukatarsu. Bayan wannan akwai gudummawar da liman kan yi shelarta a masallaci, da zakka, wadda masu bashi na cikin mutum takwas da suka cancance ta. Akwai kuma wani taimako da ba a cika ɗaukarsa taimako ba, shi ne ciniki. Makon da rumfar nan ta tashi, har waɗanda ke karyawa da koko a gida sun riƙa fitowa shan shayi.

Yanzu bari in juya ga matuƙa. A Hausa mai jan jirgin sama matuƙi ne, mai kwalekwale matuƙi ne, mai mota ma haka, kuma bayan bala'i dukansu aiki guda suke yi, watau su kai kaya da mutane inda hanya ta yanke. A ƙarshen watan Satumba na 2024 guguwar Helene ta afka wa Amurka ta kashe mutum fiye da 200. A yankin duwatsu na jihar Karolina ta Arewa ruwa ya cinye hanyoyi da gadoji, sai masu ƙananan jiragen sama da masu saukar ungulu na kansu suka riƙa jigilar ruwan sha da abinci da magani don sa kai, jama'a kuma na tara kayan da kuɗin mai. A cikin wannan wata dai, ran 10 ga Satumba, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri har da babbar kasuwarta ta Monday Market, kuma kwalekwale na cikin abin da aka yi ta fitar da mutane da shi daga unguwanni.

Mu a Giginyu matuƙanmu su ne 'yan Adaidaita Sahu. Tun da aka hana acaba ɗaukar fasinja a birnin Kano cikin Janairun 2013, su ne ƙafar talaka. Su ke ɗauko wa mai tebur tumatir da albasa daga kasuwar 'Yankaba, su ke kai mara lafiya asibiti cikin dare. Sai dai yawancinsu ba su ne masu babur ɗin ba. Wani yana kai wa mai shi balas kullum, wani kuwa an ba shi ne ya riƙa biya mako-mako har ya zama nasa. Ran da ya kutsa cikin ruwan da ya rufe titi injin ya sha ruwa, ko reshe ya faɗo ya fasa gilashi ya yaga rumfa, to ga kuɗin bakanike, ga balas na tafiya, ga gida na jira. Taimakon da ya fi yi masa amfani shi ne mai babur ya ɗaga masa balas na kwanakin gyara. Abokansa na tasha sukan yi karo-karo, wani ma ya ba shi nasa babur ɗin ya ja da yamma, shi ya ja da safe. A ganina mai babur da ya ƙi ɗaga kwana uku, har ya ƙwace abinsa, ya yi wa kansa, domin sabon yaron da zai ba wa bai san halinsa ba.

Duk da haka kada mu ruɗi kanmu cewa taimakon maƙwabta ya isa ko'ina. Yana aiki ne idan mutum ɗaya ko biyar abin ya shafa, sauran na tsaye. Ran da ruwa ya ci unguwa gaba ɗaya kamar yadda ya faru a Maiduguri, masu zubin adashin duk sun zama masu asara, Alhajin da zai ba da bashin kaya shi ma rumbunsa na cikin ruwa. A nan dole taimako ya zo daga waje, daga hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, da kuma masu hannu da shuni. Marigayi Alhaji Aminu Dantata ya ba mutanen Borno gudummawar naira biliyan ɗaya da rabi a 2024. Haka kuma bayan gobarar da ta cinye shaguna fiye da 3,000 a kasuwar Sabon Gari cikin Maris na 2016, an kafa gidauniyar taimakon 'yan kasuwa, Alhaji Aliko Dangote ya sa naira miliyan 500.

Irin wannan babban kuɗi yana da nauyin tafiya. Sai an kafa kwamiti, an ƙirga, an tantance, sa'an nan a raba, alhali mai awara kwanaki take lissafi. Har ila yau, mai shago yana da lambar shago da takardar haya da ƙungiyar da za ta tsaya masa. Mai tebur a bakin kwata ba shi da ko ɗaya, balle matar da ke sana'a a cikin gida, wadda masu ƙirga ba za su gan ta ba sam. Waɗanda suka san su su ne mai unguwa da liman da uwar adashi da shugaban tasha. Shi ya sa nake ganin taimakon waje zai fi kai wa ga mai shi idan ya bi ta hannun waɗannan, kuma a karanta sunayen waɗanda aka ba wa a bainar jama'a, don kada rabo ya tsaya ga 'yan gida.

Akwai wani ɓangare da mu 'yan makaranta za mu iya ɗauka idan mun je hutu. Mai unguwarmu ya san mutanensa a ka, amma jami'in gwamnati takarda yake nema. Littafin rubutu guda ya isa a bi layi-layi a rubuta kowane mai sana'a, da irin sana'arsa, da inda yake zama, a ajiye shi wurin mai unguwa tun rani. Ni da wasu abokaina biyu mun soma na layinmu a hutun da ya wuce, muka kuma sa shafi dabam na mata masu sana'ar cikin gida, wanda yayata ta shiga gida-gida ta cika mana. Sauran layukan mun bar su sai hutu mai zuwa, lokacin da samarin unguwa ke fitowa yashe kwata da sassabe rassan darbejiyar da suka rufa kan rumfuna.