Ko Kun Sani? Ɗaukaka Ƙara Ba Ya Hana Biyan Kuɗin Shari'a

Ko kun san cewa a Najeriya, idan kotu ta umarci wanda aka kayar ya biya abokin shari'arsa kuɗin ɗawainiya, ɗaukaka ƙara kaɗai ba zai hana a karɓi kuɗin ba? Sashe na 17 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ne ya tanadi haka. Sai mutum ya shigar da buƙata ta daban yana roƙon a jingine aiwatar da hukuncin, kuma bisa ƙa'ida, kotun da ta yanke hukuncin ake fara tunkara.

Alƙalai ba sa gaggawar hana mai nasara cin moriyar nasararsa. A shari'ar Vaswani da Savalakh ta 1972, Kotun Ƙoli ta ce ba a jingine aiwatar da hukunci sai da dalili na musamman. Misali, idan mai karɓar kuɗin ba shi da halin mayar da su, nasara a kotun sama za ta zama ihu bayan hari.

Idan ta amince a jingine, sau da yawa kotu kan gindaya sharaɗi: a damƙa kuɗin ga babban magatakardan kotu, ya ajiye su a asusun banki mai kawo kuɗin ruwa, wanda ya yi nasara a ƙarshe ya kwashe.